Gidan Ruwa Domin Masu Tafki: Darasi Daga Shoal Lake

Jawabin da rukunin ɗaliban aikin injiniya suka gabatar a zauren ƙungiyar ɗalibai



Muna godiya ga shugabannin ƙungiya da suka ba mu wannan dama. An nemi mu yi magana a kan yadda ake tsara gidan tace ruwan sha domin ƙaramar al'umma. Da muka zauna shawara sai muka ga in muka cika muku kunne da lissafi kawai, kafin mu kai rabi barci ya kwashe rabin zauren. Saboda haka muka zaɓi mu ɗauko labarin wani gari guda, mu bi shi daki-daki, domin a ga inda lissafin injiniya yake haɗuwa da rayuwar mutane. Garin yana ƙasar Kanada, mutanensa kuwa 'yan asalin ƙasar ne, watau waɗanda kakanninsu ke zaune a can tun kafin Turawa su taka ƙasar.

Sunan garin Shoal Lake 40, yana bakin wani tafki mai wannan suna, a kan iyakar jihohin Manitoba da Ontariyo. Mutanensa Anishinabe ne, mazauna cikinsa ba su wuce kimanin 300 ba, kuma suna cikin al'ummomin da suka ƙulla yarjejeniya ta uku da gwamnatin Turawa a 1873.

Yadda aka mai da gari tsibiri

A farkon ƙarni na 20 birnin Winifeg yana bunƙasa, amma ruwan shansa ba shi da kyau, har zazzaɓin taifot ya yi wa mutanensa mummunar ɓarna a 1904. Shugabannin birnin suka nemi ruwa mai tsabta, idonsu ya faɗa kan tafkin Shoal. Tafkin ya ɗara birnin tudu da kimanin mita 90, saboda haka ruwa zai gangara da kansa ba sai an tura shi da inji ba. Aka gina ƙatuwar magudana mai tsawon fiye da kilomita 150, ruwa ya fara isa birnin a 1919, kuma har yau daga nan Winifeg ke sha.

A wajen injiniya wannan aiki abin yabo ne, amma a duba abin da ya jawo wa masu tafkin. An karɓe musu ƙasa fiye da eka 3,000. Akwai wani kogi mai suna Falcon da ke zubo baƙin ruwan fadama kusa da inda magudanar ke ɗibar ruwa. Don kada ya ɓata wa birni ruwa sai aka yi masa shinge, aka haƙa mashigi aka karkatar da shi. Mashigin nan ya yanke zirin ƙasar da aka mai da mutanen kansa, garinsu ya zama tsibiri, baƙin ruwan da aka kawar wa birni kuma ya koma wajensu.

Sun shekara kimanin ɗari suna shiga da fita ta jirgin fito in da zafi, in hunturu ya yi kuma su taka ƙanƙarar da ta daskare a kan tafki. Tsakanin lokutan biyu, sa'ad da ƙanƙarar ba ta yi ƙwari ba, mutane sun sha ruftawa ciki, wasu sun rasa rayukansu. A watan Fabrairu na 1997, bayan ɓarkewar wata cutar gudawa, hukuma ta ba da umarni kada kowa ya sha ruwan garin sai ya tafasa. Umarnin da aka ɗauka na ɗan lokaci ne sai da ya shekara 24. Duk tsawon wannan lokaci ruwan gora ake yi musu jigila, alhali suna kallon tafkin da birni mai dubban ɗaruruwan mutane ke sha daga gare shi. A 2009 Winifeg ta buɗe wa kanta sabon gidan tace ruwa na kimanin dala miliyan 300, su kuwa masu tafki suna nan suna jiran jirgin fito.

To, jama'a, mu ƙaddara mu aka kira aka ce mu tsara wa garin nan gidan ruwa. Ta ina za mu fara?

Sanin ruwan kafin a taɓa takarda

Abu na farko shi ne a san halin ruwan. Ruwan tafki ba ya zama iri ɗaya duk shekara. In ƙanƙara ta narke sai ya ɗauko laka da ruɓaɓɓen ganye, in zafi ya yi gansakuka ta yaɗu, in hunturu ya koma sai sanyinsa ya kusa kai wa daskarewa. Wanda ya ɗebi ruwa kwalba guda rana guda ya kai ɗakin gwaji ya ce ya san ruwan, ya yaudari kansa. Wajibi ne a yi ta ɗiba ana aunawa har shekara ta zagayo, sa'an nan a kafa ɗan ƙaramin injin gwaji a bakin ruwan, a ga yadda dabarar da aka zaɓa za ta yi da wannan ruwa, ba da ruwan da ke cikin littafi ba.

Bayan ma'aunin ɗakin gwaji akwai wani ma'auni, watau tsofaffin gari. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Masunci ya san inda iska ke tara datti, ya san gaɓar da ƙanƙara ke fara fashewa, ya san wurin da ruwa ke sake launi bayan an yi ruwan sama. Abin da ya sami garin Kashechewan na mutanen Kiri, a arewacin Ontariyo, ya isa ishara. An kafa bututun ɗibar ruwansu a ƙasa da kududdufin da ake tara ƙazantar gari. A watan Oktoba na 2005 aka sami ƙwayar E. coli a cikin ruwan, sai da aka kwashe ɗaruruwan mutane da jirgin sama. Kuskuren da aka yi tun wajen zaɓen mazaunin bututu, ya zama nauyin da kowane inji na bayansa zai yi ta ɗauka har ranar da ɗaya ya gaza.

Ruwa nawa, domin mutum nawa

Abu na biyu shi ne yawan ruwan da za a tace. A nan injiniya kan yi kuskure iri biyu. In ya duba abin da mutane ke amfani da shi yau, zai ga kaɗan ne, domin wanda ke sayen ruwa a gora ba ya wanka yadda ransa ke so. In ya yi gini a kan wannan adadi, ranar da famfo ya fara zuba gidan ruwan zai kasa. Haka kuma in ya ƙirga mazauna gari na yau kawai, ya manta da waɗanda wahala ta kora birni, waɗanda za su komo da iyalansu da zarar hanya da ruwa sun samu.

Bari mu yi misali, ba don shi ne lissafin da aka yi a Shoal Lake ba. A ce mutum 300 ne, kowa yana bukatar lita 300 a rana, in an haɗa da rabon makaranta da ɗakin shan magani da abin da ke tsiyayewa a bututu. Lita 90,000 ke nan. In aka yi hasashen jama'a za su ninka cikin shekara 20, an koma lita 180,000. Akwai kuma ranar da aka fi kowace rana shan ruwa, wadda takan kai ninki biyu na sauran ranaku, watau lita 360,000. Ban da wannan sai a tanadi tanki domin kashe gobara da ranar da inji zai tsaya. Amma in aka wuce gona da iri nan ma akwai illa, domin ruwan da ya daɗe kwance a ƙaton tanki maganin da ke cikinsa yakan sane, ga kuma kuɗin wuta da na gyara da zai danne ƙaramin gari.

Shinge bayan shinge

Abu na uku shi ne tacewar kanta. A watan Mayu na 2000, a garin Walkerton na jihar Ontariyo, gurɓataccen ruwan famfo ya kashe mutum 7, ya kwantar da kimanin 2,300. Hukumar binciken da Mai Shari'a Dennis O'Connor ya shugabanta ta ƙarfafa wata ƙa'ida da ta zama ginshiƙin aikin ruwa a ƙasar, watau kada a dogara da kariya ɗaya. A jera shinge bayan shinge, in cuta ta tsallake na farko na biyu ya tare ta.

Shingen farko shi ne kare tafkin kansa daga ƙazanta. Na biyu shi ne haɗa dattin wuri guda. Duk wanda ya ga iyayenmu mata suna jefa alam a cikin randar ruwan kogi su bar shi ya kwanta, ya riga ya ga wannan mataki, bambancin kawai shi ne a gidan ruwa ana auna maganin daidai da halin ruwan kowace rana. Sai dai ruwa mai tsananin sanyi ba ya saurin karɓar alam, kuma dattin ruwan fadama ba shi da nauyi, ba ya son nutsewa. Saboda haka a irin wannan ruwa akan juya dabarar, a hura ƙananan kumfa daga ƙasa su ɗago dattin sama a kwashe shi kamar yadda ake yaɗe kumfar miya. Da wannan dabara gidan ruwan Winifeg yake aiki.

Shinge na uku shi ne rariya, ko ta yashi da gawayi ko ta wata fata mai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. A nan ne ake tare ƙwayar kiriftosforidiyam, wadda ita ce ta jawo wa Shoal Lake umarnin 1997. Girmanta bai wuce kashi 4 zuwa 6 cikin 1,000 na milimita ba, kuma tana da ɓawon da kulorin ba ya huda shi a gwargwadon da ake zubawa a ruwan sha. A 1993 ta kwantar da kimanin mutum 400,000 a birnin Milwaukee na Amurka, birnin da ke da gidan ruwa yana kuma zuba kulorin. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ƙa'idar Kanada ita ce a kawar da aƙalla kashi 99.9 cikin 100 na irin wannan ƙwaya, shi ya sa bayan rariya akan bi da ruwan ta gaban fitilar altarabayolet, wadda haskenta ke hana ƙwayar hayayyafa.

Shinge na ƙarshe shi ne kulorin, domin shi kaɗai ke raka ruwa cikin bututu har ƙofar gida. Amma shi ma yana da sharaɗi biyu. Na ɗaya, yana bukatar lokaci kafin ya gama aikinsa, kuma duk sa'ad da zafin ruwa ya ragu da digiri 10 lokacin yakan kusa ninkawa, saboda haka da sanyin tsakiyar hunturu ake auna girman tankin. Na biyu, in kulorin ya gamu da ruɓaɓɓen ganyen da ya narke a ruwa, yakan haifar da wasu sinadarai da ake kira tirihalometan, waɗanda shan su shekara da shekaru ke da haɗari ga lafiya. Iyakar da Kanada ta sa musu ita ce miligiram 0.1 a kowace lita. Kun ga ke nan wanda ya ga ruwa ya yi baƙi ya ce a ƙara kulorin, ya toshe wata ƙofa ya buɗe wata. Sai an fara cire launin tukuna.

Kada kuma a ɗauka dabara ɗaya ce ta dace da kowane gari. Mutanen Yellow Quill a jihar Saskacewan sun shekara 9 suna tafasa ruwa. Wani masani, Dokta Hans Peterson, ya tare a garin yana gwaji tare da ma'aikatan ruwansu, har suka fito da hanyar da ake barin wasu ƙwayoyi marasa cutarwa su fara cinye abin da ke cikin ruwan rijiya, kafin a matse shi ta cikin fatar tacewa. A 2004 aka ɗage musu umarnin.

Daga gidan ruwa zuwa bakin mai sha

Abu na huɗu, ruwan da ya fita gidan ruwa da tsabta bai zama ruwan sha ba sai ya isa kofi da tsabtarsa. A ƙasar sanyi dole a binne bututu ƙasa da inda ƙasa ke daskarewa, ko a naɗe shi a riƙa ɗumama shi, ga kuma dutse da ake fasawa kafin a haƙa rami. Saboda tsadar wannan, a garuruwan 'yan asali da yawa tankar ruwa ke bi gida-gida tana zubawa a tankunan ƙarƙashin ƙasa, waɗanda in suka tsage ko aka daɗe ba a wanke su ba sai su ɓata ruwan da aka sha wahalar tacewa. Injiniyan da ya tsaya a ƙofar gidan ruwa ya ce aikinsa ya ƙare, rabin aiki ya yi.

Wa zai riƙe shi

Abu na biyar, wanda a ganinmu ya fi sauran nauyi, shi ne wanda zai kula da gidan bayan manyan baƙi sun yanke ƙyalle sun koma. Garin Neskantaga, shi ma a arewacin Ontariyo, an gina masa gidan ruwa a farkon shekarun 1990, amma tun watan Fabrairu na 1995 aka sa shi tafasa ruwa. A watan Oktoba na 2020 sai da aka kwashe mutanensa saboda wani maiƙo da aka gani a tankin, a 2025 kuma umarnin ya cika shekara 30. Gini yana nan tsaye, yara kuwa sun girma sun haifi nasu ba su taɓa shan ruwan famfon gidansu ba.

Tsohon Firayim Minista Justin Trudeau ya yi alkawari a 2015 cewa cikin shekara 5 za a kawar da duk irin waɗannan daɗaɗɗun umarni, waɗanda a lokacin sun kai 105. An kawar da da yawa, amma wa'adin watan Maris na 2021 ya wuce ba a gama ba. A rahotonta na Fabrairun 2021, Babbar Mai Binciken Kuɗi ta ƙasar, Karen Hogan, ta nuna cewa ma'aunin da ake bi wajen ba da kuɗin gudanarwa da gyara ya shekara 30 ba a sabunta shi ba, kuma ƙarancin albashi yana hana garuruwan riƙe ƙwararrun ma'aikata. A da kashi 80 cikin 100 na wannan ma'auni gwamnati ke biya, sai a ƙarshen 2020 ta ce za ta biya duka. A 2021 kuma ta amince da sulhun dala biliyan 8 a ƙarar da al'ummomin suka kai ta.

Darasin da ke nan ga mai zane shi ne ya tambayi kansa tun farko, in famfon tura magani ya lalace da tsakar dare cikin hunturu, wa zai gyara, kuma kwana nawa kayan gyara za su yi a hanya. Amsar ita ce za ta sa ya jera injuna biyu inda ɗaya zai isa, ya ajiye janareto, ya zaɓi maganin da ba ya saurin lalacewa a ajiye, ya kuma sa a horar da 'yan gari fiye da ɗaya tun ana haƙa tushe, domin mutum guda ba zai yi shekara ba hutu ba ciwo ba.

A Shoal Lake ma abin da ya tsare gidan ruwa shekaru da yawa rashin hanya ne, domin jigilar siminti da ƙarfe a jirgin fito ta sa kuɗin ya yi yawa har gwamnati ta jingine aikin. Mutanen garin ba su zauna jira ba. A 2014, da aka buɗe babban gidan tarihin haƙƙin ɗan Adam a Winifeg, sai suka ayyana garinsu gidan tarihin tauye haƙƙin ɗan Adam, suka gayyaci mutanen birni su zo su ga inda ruwansu ke fitowa. Gani ya kori ji. A 2015 jirgin fiton ya kasa cin gwajin hukuma, garin ya yanke da duniya, mutanen Winifeg da yawa suka goya musu baya. Daga ƙarshe gwamnatin tarayya da ta jiha da ta birni suka haɗa kuɗi, aka gina hanya mai kilomita 24 wadda suka raɗa wa suna Hanyar 'Yanci, 'yan garin suna cikin masu aikin, aka buɗe ta a 2019. Shekara 2 bayan haka, ran 15 ga Satumba, 2021, aka buɗe gidan ruwa na kimanin dala miliyan 33, aka ɗage umarnin.

Akwai wani abu kuma da ba ya shiga takardar zane. A al'adar Anishinabe ruwa, wanda suke kira nibi, abin girmamawa ne, kuma mata ne masu riƙon amanarsa. Wata dattijuwa, Josephine Mandamin, tun daga 2003 ta riƙa zagaya manyan tafkunan ƙasar a ƙafa da bokitin tagulla a hannu domin jawo hankali ga halin da ruwa ke ciki, ta kuma rasu a 2019. Injiniyan da ya kira taro da maza kaɗai a irin wannan gari bai ji daga masu maganar ba. Har ila yau, mutanen da suka shekara 24 ana ce musu ruwan famfo cuta ne ba za su kafa kai su sha don an buga sanarwa ba. Sai sun ga ɗansu ne ke auna ruwan, sakamakon yana manne inda kowa zai karanta, sa'an nan zuciya za ta kwanta.

'Yan'uwa ɗalibai, ba mu kawo wannan labari domin mu yi wa Kanada dariya ba. Yawancinmu mun san wani ƙauye da ke da tankin ruwa a sama, da allon da ke ɗauke da sunan wanda ya buɗe shi, mata kuwa suna wucewa ta gindinsa da tulu za su rafi. Injiniyoyin da suka gina magudanar Winifeg ba su yi kuskuren lissafi ba, ga aikinsu nan yana zuba fiye da shekara 100. Abin da ba su sa a lissafin ba shi ne mutanen da ke bakin tafkin. Nan gaba kaɗan wasunmu za su sa hannu a kan irin waɗannan takardu, kuma za a matsa mana mu gama da wuri, mu rage kuɗi, mu bar zancen gyara ga wanda zai zo baya. Roƙonmu shi ne kafin mu sa hannu mu je garin da ƙafarmu, mu kwana, mu sha ruwan da suke sha, mu san sunan wanda za mu bar wa mabuɗi.

 In akwai gyara daga malamanmu ko tambaya daga 'yan'uwa, a shirye muke. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya sa mu riƙe amanar da za a ɗora mana.